Hannun Roba a Hull

Ƙarfe takwas, Hull ba ta gama farkawa ba,
yayyafi na ƙwanƙwasa gilashin hawa na uku,
ni kuma ina jera hannuwa a kan tebur,
goma sha biyu, ba kafaɗa, ba mai su,
kowanne da jakar jan ruwa rataye bisa kansa.

Hannun roba ba ya zabura.
An soke shi sau dubu tun kafin a ɗauke ni aiki,
bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

Suka shigo da jiƙaƙƙun riguna:
Imogen, wadda ta haddace littafi bango zuwa bango,
Kwabena mai dariya kafin a kai ƙarshen zance,
sai Farzana can a ƙurya,
tana ta jan bakin safar hannunta.

Na ce a wanke hannu.
Faɗa wa mara lafiya sunanka, ko da roba ne.
Ɗaure dantse, amma ba ɗaurin akuyar kasuwa ba.
Bakin allura ya kalli sama.
Kwantar da ita, ai ba rijiya kake haƙa ba,
shiga kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci.
In jini ya leƙo, dakata,
sallamarka ce aka amsa.
Sauke hannu kaɗan, tura robar, zare ƙarfen,
ƙarfen da ya fito kuwa ba ya komawa.

Imogen ta ɗaga yatsa:
a littafi jijiya shuɗiya ce.
Na naɗe hannun rigata har gwiwar hannu,
na ce, to, nemo mini shuɗi a nan.
Ta duba, ta sake dubawa,
kunnuwanta suka yi ja.

Ban gaya musu labarin Funtuwa ba.
Ina 'yar shekara goma sha ɗaya,
amai da gudawa sun tsotse Inna kamar rake,
an soke ta sau bakwai, ina ƙirgawa,
sannan wuta ta ɗauke.
Wani tsohon malamin asibiti, Malam Barau,
ya miƙo mini fitilar ƙwai, ya ce riƙe,
amma shi rufe idonsa ya yi.
Yatsansa na tafiya a hannun Inna
kamar mai laluben allura a cikin tabarma.
Suka ɗaya.
Har asuba ina kallon ruwan yana ɗiga.

Abin da na ce musu kawai:
ido baƙo ne a wannan sana'a,
yatsa ne ɗan gida.
Mai tauri kamar tsirkiya, bar ta.
Mai bugawa, ba taka ba ce.
Nemi wadda in ka danna
take dawowa a hankali, kamar dafaffiyar taliya.

Farzana ta zo ƙarshe.
Yatsunta sanyi ƙalau, suna rawa a fatata.
Na ce rufe ido.
Shiru.
Motar asibiti ta wuce ƙasa da jiniya.
Sai ta ce, ƙasa-ƙasa, ga ta nan,
amma tana gudu.
Na ce duk suna gudu,
tare ta da babban yatsa.

Ta koma kan robarta.
Na farko ta zarce.
Na biyu jan ruwa ya leƙo,
ta manta da numfashi, Kwabena ya yi mata tafi.
Na ce, a ɗakin marasa lafiya biyu ce iyaka,
in kin kuskure sau biyu, kira wani,
hannun mutum ba wurin kare girman kai ba ne.

Da yamma na tsiyaye hannuwan, na mayar da su akwati.
A bas ina tsaye, kusa da wata tsohuwa
da ta riƙe ƙarfe da hannu mai tabon filasta.
Na ƙirga ba da niyya ba.
Huɗu.